Sunan da Na Hana Yaya Hajara

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan damina, da muka raka Yaya Hajara makwancinta a Karaye. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, don akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma ni ne mai laifi a cikinta.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar baffana ce. Gida ɗaya muka tashi a Rogo Sabon Gari, ita ta goya ni. Ma'aikaciyar jinya ce, mutane na ce mata Sista, kuma yawancin aikinta a ɗakin haihuwa ta yi shi. Doguwa ce, ga faɗa. Kai, Yaya tana da faɗa! In ta ce ka shanye magani, ko da rawani a kanka sai ka shanye. Amma matar da ta yi maka tsawa da safe ita za ta wanke maka gyambo da rana ba ta ko yamutsa fuska ba.

Shekara ashirin da uku da suka wuce matata Binta ta tashi da naƙuda. Da hantsi muka isa asibitin da Yaya ke aiki a Karaye, ita ta karɓi haihuwar, aka sami mace. Ban gama murna ba jini ya ɓalle wa Binta. Likita ɗaya ce a asibitin ranar, tana ɗakin tiyata kan wani mara lafiya. Yaya ta fito ta ce, "Sani, jini ake nema, yanzun nan." Aka gwada nawa bai dace ba. Na hau babur sai Falgore, garin su Binta, in ɗauko 'yan'uwanta. Ga laka a hanya, ga mutane duk suna gona. Ban dawo ba sai bayan la'asar, ina tafe ina tunanin gawa zan tarar.

Da na shiga sai na ga ledar jini a rataye tana ɗiga, Binta tana numfashi. Likita na tsaye a kanta da farar riga, ta dube ni ta ce, "Ka gode wa Allah, ta tsallake." Na durƙusa har ƙasa ina zuba mata godiya. Fitowata na hango Yaya a baranda, zaune kan benci ta jingina da bango, da kofin shayi a hannu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya! Binta na ciki rai a hannun Allah, ke kina nan kina shan shayi?" Ta ɗago a hankali ta ce, "Je ka ga 'yarka, Sani." Ba ta ƙara ba. Da ina da hankali da tun nan na gane akwai magana, don Yaya ba ta barin ta kwana.

Ran suna na raɗa wa yarinya Maryam, sunan likitar. Na ware cinyar rago guda na kai mata har gida, har da kason da a al'ada ungozoma ake ba. Yaya kuwa tun da aka sallamo Binta take zuwa Rogo duk ranar da ba ta da aiki, ta duba mai jego, ta yi wa jaririya wanka. Goro biyu aka ba ta kamar kowa. Da ta ji sunan sai ta ce, "Allah ya raya Maryam, ya sa ta ɗauko halin mai sunan." Ta ci gaba da tuƙa tuwon suna.

Sai a zaman makokinta na san gaskiya, bayan shekara goma sha ɗaya. Wata abokiyar aikinta, Sista Talatu, ta ga Maryam tana raba ruwa, ta tambaye ni, "Wannan ce wadda Hajara ta ba uwarta jini?" Na ce wane jini? Ta riƙe baki. Ashe da na tafi Falgore Yaya ta ga Binta ba za ta kai dawowata ba. Ta danne mata ciki, ta yi mata allurar tsayar da jini, ta bar Talatu a kanta, ta je aka gwada nata ya dace, ta kwanta aka ɗiba. Ko da likita ta fito daga tiyata, an riga an rataya ledar. Jiri ne ya zaunar da Yaya a bencin nan. Shayin da na goranta mata, Talatu ce ta haɗa mata don kada ta faɗi.

Wallahi ban san lokacin da na tashi daga kan tabarmar ba. Da na sani ƙeya ce. Wadda zan nemi gafararta tana ƙarƙashin ƙasa kwana uku.

Kada a ce ina rage wa likita daraja. Matar nan ta yi aikinta, ita kaɗai a kan marasa lafiya bila adadin, Allah ya saka mata. Laifin na idanunmu ne. Mun saba ganin wanda ya zo ya duba ya rubuta, ba ma ganin wadda ta wuni tana juya mara lafiya, tana kwashe amai, tana lura da numfashinsa. In ya warke mu ce likita ya iya aiki, in ya mutu mu ce sakacin nas ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan godiya ce gardin ke tafiya da ita.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. An yi wa asibitoci fenti, kowa da waya a hannu, mara lafiya kan zo da sunan cutarsa tun daga gida. Na san za ta yi tsaki ta ce, "To tunda ka sani, me ya kawo ka?" Za ta ji zafin yadda 'yan bayanta da yawa ke neman hanyar barin ƙasar, amma ban jin za ta zage su. Ta san abin da ake nufi da a wuni a tsaye a tashi ba sannu. Abu ɗaya ne za ta tarar yadda ta bar shi: nas na ɗaura wa mutum ruwa, shi kuwa yana leƙen ƙofa yana tambaya yaushe likita zai zo.

Watan jiya Maryam ta haihu, mace. Wata yarinya nas 'yar siririya ce ta karɓi haihuwar, tun safe take kanta har azahar. Da ta fito na tare ta na ce, "'Yata, yaya sunanki?" Sai ta tsaya, fuskarta ta canja, ta ce, "Baba, laifi na yi?" Na ce a'a, godiya zan yi. Ta yi 'yar dariya ta ce ai su ba a tambayar sunansu sai in za a kai ƙara. Na juya da sauri don kada ta ga hawayena.

Suna haƙƙin uba ne, kuma na ji mijin Maryam ya riga ya yi niyyar sa sunan mahaifiyarsa. A wajenmu suruki ba ya roƙon mijin 'yarsa irin wannan, abin kunya ne. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na ajiye kunyar na taka har gidansa. Na ba shi labarin tun daga benci har cinyar rago. Ya ce sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa. Washegari ita da kanta ta aiko: "A gaya wa Malam Sani, da ba don jinin nan ba da marainiya muka auro. A sa Hajara."

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar takardar yabo ko ɗaya ba, babu ɗakin asibitin da ke ɗauke da sunanta. Abin da ta bari yana yawo da ƙafafunsa a Karaye da Rogo, wasu har sun yi furfura, yawancinsu ba su ma san ta ba. Ɗaya daga ciki ita ke dafa mini tuwo har yau. Allah ya jiƙanta, ya sa aikin da ba mu gani ba shi za ta tarar.

Ran sunan aka miƙo mini jaririyar. Bakina ba zai iya kiran sunan kai tsaye ba, don ban taɓa kiran mai shi haka ba. Na rungume ta, na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Yaya, sannu da aiki. Na gode. Ki yafe mini maganar shayin nan." Barci take yi, ba ta amsa ba.