Ranar da Baba Mai Murza Ya Kashe Injinsa

Kafin a buɗe ƙofar masana'anta ga sauran ma'aikata, Baba Mai Murza ya riga ya rataye rigarsa, ya goge injinsa, ya ɗura masa mai. Aikinsa fitar da haƙoran noti ne, irin dogayen notukan da ke riƙe tayar babbar mota. Ba yanka ƙarfen yake yi ba. Sandar ƙarfe ce sumul take shiga tsakanin faifai biyu masu zane, su matse ta su murza, ta faɗo da haƙora reras, da ɗuminta. Yakan ce wa sabbin ma'aikata, "Lallaɓa ƙarfe ake yi, ba a yi masa dole." Sai su ƙunshe dariya, don shi kansa ba ya lallaɓuwa.

Da kunne yake aiki. In faifan suka saɓa, ko ɗaya ya tsage, kukan injin kan sauya. Dogo mai walda ya sha ganin Baba ya dire kofin shayi ya ruga ya kashe inji, alhali kowa bai ji komai ba, a duba a tarar da tsaga.

To, ƙarar da yake saurare ita ta cinye kunnen. A gida aka fara ganewa. 'Yarsa ta kira ta sake kira, shiru.

"Baba, mu je asibiti mana."

"Ke dai ba kya buɗe baki ne," in ji shi.

A wurin aiki kuwa kowa ihu yake yi, wa zai lura? Da ya so, da ya ci gaba da lallaɓawa har ƙarfinsa ya ƙare. Kuma tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira kamar injin nan.

Wata rana da hantsi ya ɗauki noti guda ya juya a haske. Haƙoran sun naɗe. Faifai ya tsage tun safe, injin yana ta kuka, bai ji ba. Ya kashe shi, ya ja kwandon notukan har ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, a zubar da waɗannan. Ni ma a sauke ni, kunnen ya mutu."

Manaja ya ɗaga murya ya ce, "Haba Baba, tsautsayi ne. Wa ya sani in ba mu biyu ba?"

"Tayar da za ta fita a kan titi ta sani."

Kai ne, Baba, mai murza ƙarfe ya yi biyayya. Kai ne ka raba kanka da abin da ka fi so saboda mutanen da ba su san da kai ba. Mu abokan aikinka, abin ya yi mana ciwo, wallahi. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu da muka rage, Allah ya ba mu zuciyar faɗin gaskiya ranar da namu kunnen ko idon ya gaza.

Ran sallama duk masana'anta ta taru a bayansa ana tafi, har da masu hawaye. Shi yana tsaye ya ba mu baya, yana kallon injin. Sai da 'yarsa ta dafa kafaɗarsa ta juyo da shi ya san ana yi.