Wuyana da Allon Ordinata

Ba zan taɓa manta shekarar da na kusa ajiye aikina ba saboda ciwon da aka rasa sunansa. Lokacin ina sakatariya a biro, ofishin takardun haihuwa, nan Dakoro, kuma ba a daɗe da kawo mana ordinata ba, wato kwamfuta. Ran da aka kawo ta, mai haɗawa ya dasa allonta a tsakiyar teburina. Yana fita na tura shi can gefen dama. Ta yaya dattijo zai zauna gabana in kare fuskata da gilashi? Ba haka aka rene ni ba.

Bayan 'yan watanni wuyana ya fara riƙewa. Daga nan ciwon ya gangara kafaɗa, har yatsuna biyu suka riƙa mutuwa. Abin da ya tsorata ni shi ne da hannu ciwon mahaifiyata ya fara, kafin ɓarin jikinta ya shanye. Ga 'ya'ya uku, ga shi da wannan hannun nake ciyar da su.

Babu inda ban je ba. An auna jinina, lafiya lau. Na tafi Maradi aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce bai ga komai ba. Ƙanwar babana ta ce sanyi ne, aka yi mini ƙaho. Maƙwabciyata kuwa ta rantse akwai mai son kujerata a biro, har na fara yi wa abokiyar aikina kallon banza, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Asabar da Lahadi sai in ji sauƙi, Litinin da azahar ciwo ya dawo. Na rasa wa zan yarda da shi. Ƙarshe na buga takardar barin aiki, na sa a jaka, ina jiran ƙarshen wata.

A makon ne wani dattijo makiyayi ya zo daga Tagriss neman takardun jikokinsa. Layi ya yi tsawo, ya zauna a benci tun safe yana kallona, har na fara tsarguwa. Da layi ya zo kansa ya ga ina matsa kafaɗa, sai ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa, na ƙara da cewa likitoci sun rasa gane kansa.

Ya ce, "Ɗiyata, tun da na zamna ƙirjinki na kallon ƙohwa, wuyanki na kallon bango. Raƙumina in na ɗaure mishi kai haka wuni guda, gobe ba ya tashi."

Na ce, "Baba, ai don ku na kawar da allon gefe, kar in kare muku fuska."

"To mun gode. Amma takarda na zo karɓa, kuma da hannunki za ki rubuta ta. In ya mutu, mi za mu yi da huskar?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Wata shida ina zargin jini, sanyi da mutane, ashe ladabina ne ke murɗe mini wuya. Tun bai fita ba na jawo allon gabana. Ya yi ƙasa, na ɗora shi kan tsofaffin rajista biyu har ya yi daidai da idona, na sa kwali a ƙasan ƙafafuna da ke lilo. Bencin baƙi muka mayar gefe. In babba ya shigo sai in miƙe, in juya gaba ɗaya in gaishe shi, wanda ma ya fi leƙen da nake yi a da.

Ba a yi wata ba yatsuna suka dawo. Abokiyar aikina na kai mata turare, ban gaya mata dalili ba, har yau ina jin kunyar abin.

Tun daga nan na koyi cewa in jiki ya yi ƙara a wurin aiki, kafin ka zargi kowa ka fara duba yadda kake zama. Takardar barin aikin tana nan. Na ninke ta huɗu, na cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi.