Ranar da Malam Tamimu Ya Kira Sunan Ɗansa

Malam Tamimu mijin yayata Bashira ne, don haka ina da ikon tsokanarsa, kuma Allah ya sani ban taɓa yi masa rangwame ba. Direba ne a ofishin jakadancinmu na Riyadh, mutumin wani ƙauye a ƙasar Kazaure, ya zo garin nan tun kafin dogayen benaye su cika shi. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar mai tsoron kada ya taka wani abu. Sai ku yini a mota bai ce maka uffan ba. Amma ranar da ya ɗaga murya, sai ka waiga kana neman inda aka ɓoye lasifika. Shi ne ladanin ƙauyensu tun yana saurayi, lokacin da ko wutar lantarki babu, kuma muryar tana nan ajiye a ƙirjinsa har yau.

Duk da wannan murya, akwai kalma guda da ba ta fita daga bakinsa: sunan ɗansa na fari, Mudassir.

Mu da muka tashi a gida mun san wannan, kunyar ɗan fari ce. Shi kansa Malam ɗan fari ne, tsohonsa bai taɓa kiran sunansa ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa shakkar cewa tsohon yana ƙaunarsa ba. Yaya Bashira ta samo wa kanta mafita, tana ce wa yaron "Yayan Nazira", da sunan ƙanwarsa. Shi kuwa Malam sai "kai", sai "wancan", in abu ya yi tsanani "kai yaro". Sunan Nazira dai ba ya sauka daga bakinsa, Nazira kawo ruwa, Nazira kin ci abinci, daga safe har yamma.

To, matsalar ita ce a Riyadh aka haifi Mudassir, kuma a nan abin a juye yake. Balarabe da sunan ɗansa na fari yake ado. Mai baƙala, wato ɗan kantin layinsu a Al-Naseem, limamin unguwa, har mai gyaran taya, kowa "Abu Mudassir" yake ce masa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata. Yaron yana gani tun yana ƙarami, kuma abin da ya fahimta daban ne. Ya taɓa tambayata, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta: "Khali, in yana sona, me ya sa sunana yake masa ɗaci?" Khali yake ce mini, wato kawu. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurara cikin ladabi, amma na ga bai shige shi ba.

Da ya shiga jami'a sai ya faɗa wata ƙungiyar 'yan yawon daji da suke kira nadi. Samari ne da magidanta, Larabawa, 'yan Sudan, 'yan Filifin, da namu ɗaiɗaiku. Duk Asabar sukan fita hawan duwatsun Tuwaiƙ ko bin kwari, in kuma ruwan bazara ya taru a bayan madatsu sai su kwashi kayak, wani ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, su je tuƙi. Malam Tamimu, mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, ranar da ya ga hoton ɗansa a tsakiyar ruwa abinci ya gagare shi. Na zaci zai hana shi. Ina! Sai ya je ya sayi takalmin hawan dutse, ya yi rajista da nadin, ya kuma ja ni.

Na ce, "Malam, ni me na yi maka? Ni da hawa bene ɗaya yake sa ni haki?"

Ya ce, "Maulud, ai ina bukatar wanda zan riƙa aika."

Wato ni ne ɗan aike. Yaron yana tsaye kusa da mu, amma sai Malam ya dube ni ya ce, "Ka ce wa wancan ya sha ruwa." "Ka ce wa wancan kada ya matsa bakin dutse." Kullum mu ne a ƙarshen layi, shi idonsa a kan ƙeyar ɗansa, ni kuma ina fama da numfashina. Kayak kam bai taɓa shiga ba, sai dai ya bi gaɓa a ƙasa. In azahar ta yi shi yake kiran salla, duwatsu su amsa, 'yan nadi su yi tsit. Suna ji da shi ƙwarai. Shugaban nadin, wani Abu Nayif, ya ce tunda suka samu Abu Mudassir ba su ƙara bukatar usur ba.

Asabar ɗin da nake son ba da labarinta, tun da safe raina bai so fitar ba. Saƙon gargaɗin ruwan sama ya shigo wayoyinmu, amma a kan Riyadh sararin sama fes yake, ko gajimare babu. Aka ce can yamma ne, nesa da inda za mu. Muka kama hanyar kudu, Malam yana tuƙi, ina gefensa, Mudassir a baya.

Muna wuce ɗakunan ajiyar kaya na Al-Sulay sai Malam ya ce, "Maulud, ka ce wa wancan ya ɗaure rigar ruwan nan mai hana nutsewa sosai yau. Wancan makon a sake na gan ta."

Na buɗe baki ke nan, sai na ji murya daga baya.

"Baba, ina da suna."

Na waiga, Mudassir ya ci gaba.

"Kowa a nadi yana kiran ɗansa da sunansa. Kai ko sau ɗaya. Wallahi, Baba, daga yau ba zan ƙara amsa 'kai' ba. Khalas, shi ke nan."

Na ce, "Kai, Mudassir, ka san da wa kake magana kuwa?" Malam ya ɗaga mini hannu, alamar in bari. Na ga yadda ya damƙe sitiyari, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Haka muka isa.

Wurin tafki ne a bayan wata 'yar madatsa, duwatsu sun kewaye shi. Daga can ƙarshensa ruwan ya shige wani matsatsen kwari mai dogayen bango, inda wadi, wato rafin hamada, yake zubowa in an yi ruwa. Wadin a bushe yake ƙayau, sai yashi da busassun ƙirare. Aka sauke kayak, masu tuƙi suka zuba wayoyinsu cikin jaka a gaɓa. Abu Nayif ya ce kowa ya tsaya kusa da madatsa. Mudassir ya shiga nasa, mai launin rawaya, bai ko kalli inda muke ba, ya raba kansa da jama'a, ya nufi matsatsen kwarin nan shi kaɗai.

Malam ya ce, "Mu hau."

Muka bi wata siririyar hanya ta kan dutse, muna bin yaron ta sama. Tun muna hawa na lura iska ta ɗauke. Ƙudaje suka dame mu, zufa ta ƙi bushewa. Da muka kai ƙololuwa na dubi yamma, sai gabana ya faɗi. Hadari ne baƙi ƙirin ya zauna a kan duwatsu can nesa, walƙiya tana wasa a cikinsa ba a jin tsawa. A kanmu kuwa rana ce tarwai. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga cikin kwarin, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a wurin da ko ɗigo bai sauka ba.

Na ce, "Malam, ka ji abin da na ji?"

Wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa, kamar jerin tireloli a kan gada. Babu titi a wajen. Muka tsaya muna kallon inda wadin ya karya kwana, sai ga shi ya ɓullo. Da farko ban ma gane ruwa ba ne. Wani abu ne ja mai kauri, yana turo itatuwa da duwatsu da tsohuwar taya a gabansa, yana cin yashin nan da gudu. Larabawa suna ce masa sail, kuma duk shekara sai ka ji ya ci mutane.

Mudassir yana ƙasanmu, ya ba kwarin baya ya daina tuƙi, yana zaune kansa a sunkuye. Daga inda yake ba zai ga komai ba, bangon dutse ya tare. A damansa akwai wani tudun duwatsu da mutum zai iya hawa, ba nisa.

Na ƙwalla masa kira. Kaico, muryata! Bayan hawan nan abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba, iska ta kwashe shi. Na sake, na sake, ko motsi bai yi ba. Abu Nayif da sauran suna can wajen madatsa, ba su san abin da ake ciki ba.

Sai Malam ya cika ƙirji. "KAI!"

Duwatsu suka amsa. Yaron ya ji, na rantse ya ji, don na ga kafaɗarsa ta motsa. Amma bai waigo ba. Sai ma ya ɗauki filafili ya tsoma a ruwa a hankali, ya ƙara matsawa tsakiya, nesa da tudun.

"KAI YARO! KAI!"

Ko gezau.

Na kama rigar Malam na girgiza shi. "Sunansa! Malam, don girman Allah kira sunansa!"

Ban taɓa ganin abu mai ban tausayi irin fuskar mutumin nan a lokacin ba. Bakinsa ya buɗe, leɓɓansa suka haɗu za su fara, suka rabu ba sauti. Ya sake gwadawa. Kamar wanda aka ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ba taurin kai ba ne, ni shaida ne. Harshen ne bai san hanyar ba. Ruwan kuwa bai jira kowa ba, har ya shigo bakin tafkin, gurnanin ya zama ruri.

Sannan ya fito.

"MUDASSIR!"

Har waɗanda ke wajen madatsa sun ce sun ji. Yaron ya juyo da sauri har kayak ɗin ya yi tangal-tangal. Ya ɗago kai yana kallon ubansa, baki buɗe, ya ma manta da filafilin da ke hannunsa. Malam yana nuna masa kwarin da hannu biyu, yana nuna tudun, yana ta maimaita sunan kamar wanda aka ɓalle wa famfo. Sai a lokacin yaron ya ga abin da ke tafe. Ya tuƙa iya ƙarfinsa. Saura kaɗan ya kai, ruwan ya iso.

Na ga rawayan kayak ya yi sama ya kife. Daga nan ban ga komai ba sai jan ruwa da itatuwa. Malam ya gangara dutsen nan ban san ta yaya ba, tafin hannunsa duk ya yayyage. Muka sami Mudassir ruwa ya matse shi a jikin tudun, ya rungume wani dutse, wani kututture ya danne masa ƙafa. Rigar ruwan nan ce ta riƙe kansa a sama. Ashe duk da fushinsa ya ɗaure ta tamau.

'Yan nadi suka zo da igiya aka ciro shi. Ƙafar ta karye a wuri biyu. Ya daɗe a asibiti, kuma har yanzu in ya gaji yana ɗan ɗingishi. Kayak kam ya bar shi, ko wankan baho ba ya so. Malam bai taɓa zancen ranar ba sai sau ɗaya, muna zaune a mota, ya ce mini, "Maulud, da tun farko na kira shi, da ya kai tudun nan." Ban tsokane shi ba, ban kuma ce masa ƙarya ne ba.

Tun daga asibiti Malam ya sauya. Mudassir ga shayi, Mudassir ka sha magani, Mudassir ina sandarka. Yana faɗa yana gumi, amma yana faɗa. Yaya Bashira takan toshe baki ta bar wurin don kunya. Ni kuwa daɗi ya ishe ni, na ce ko ba komai an samu wannan.

Rannan na je gidan cin tuwo. Muna zaune a falo, Mudassir yana zuba shayi, sai Malam ya kira shi daga ƙofa, a hankali ma, ba da ƙarfi ba. Butar ta kuɓuce, shayi ya malale a kan darduma. Yaron ya daskare, idonsa a waje. Nazira ta ce mini a kunne haka yake yi kullum.

Da ya dawo hayyacinsa ya rarrafa ya durƙusa a gaban ubansa, ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Larabci.

"Baba, don Allah ka koma ce mini 'kai'. Duk lokacin da ka kira sunana, ruwan nan nake ji yana zuwa."

Malam Tamimu ya kalle shi. Sannan ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Maulud," ya ce, "ka ce wa wancan ya tashi, ƙafarsa za ta yi ciwo."