Auren da Malam Ya Bayar ta Waya

Malam, mijina, bai taɓa aurar da ɗiya ba sai ita, 'yar farinmu. A shekarar ciwon ƙoda ya kwantar da shi, kuma shi da ni mun san abin da likita bai faɗa ba. Burinsa ɗaya ne: ya bayar da aurenta da bakinsa.

Yaron da ke nemanta ɗan amininsa ne na Bakura. Yana aikin jinya a wata ƙasar Turawa, har ya zama ɗan ƙasa a can. Iyayensa sun kawo gaisuwa, an yanka sadaki, Malam ya sa rana. Bai tambayi kowa ba, don bai ga abin tambaya ba. Ango yana nesa, to, kawunsa zai karɓa masa, kamar yadda aka saba. Muka raba goro a nan Talata Mafara, muka aika Bakura da Maradun.

Sai yaron ya kira. Na riƙe wa Malam wayar. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, kada a ɗaura tukuna."

Ya yi bayani a hankali. Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, wadda ba a yarda mutum ya shiga da ita da niyyar aure ya zauna ba. Akwai ta matar aure, amma su can ba sa lissafa auren da aka ɗaura ango ba ya wurin, shi kuwa ba zai samu hutu ba sai baɗi, bayan haka ma akwai dogon jira. Wadda ya nema mata ita ce ta wadda aka yi wa baiko. Sharaɗinta kada ta kasance da aure, sai ta isa a ɗaura a can. In aka ɗaura a nan, wannan ta lalace, waccan kuma ba ta samu ba.

Malam ya ce, "Ango ba shi wurin? Ni ranar da anka ɗaura mini da uwatta ina kasuwar Maradun ina saida gyaɗa. Sai da na dawo anka ce mini na yi aure."

Yaron ya yi dariya kaɗan, ya ce, "Baba, su ba su san wannan ba."

Na daɗe ina mamakin haka. Ashe akwai ƙasar da dattawa za su taru, a yi siga, a shafa fatiha, a ce ba a yi komai ba.

Ƙanen Malam ya zo daga Maradun da zafinsa. "Yaya, ɗiya ta hau jirgi babu igiya? Ku ɗaura shiru, wa za ya hwaɗa musu?"

"Ita," in ji Malam. "Za su tambaye ta. In koya mata ƙarya ranar da nika bankwana da ita?"

"To a jira baɗi."

Malam ya kau da kai, don baɗi ta yi masa nisa. Ni ma na sunkuyar da kai.

Washegari ya aika aka bi gidajen da aka kai goro, aka ce an ɗaga. Mutane sun yi magana, na ji wasu. Bizar ta fito bayan an girbe gero. Aka shirya za ta sauka gidan limamin masallacinsu na can, wurin matarsa. Ranar tafiya ta durƙusa gaban gadonsa, ya dafa kanta, ya ce, "Uwata, je ki." Ni ban raka ta tasha ba.

An ɗaura ranar wata Asabar. A nan an idar da la'asar, su kuwa hantsi ne, rana ɗaya a sama amma kowa da lokacinsa. Aka jingina Malam da matashin kai, na sa masa hularsa. Ƙanensa ya riƙe wayar, maƙwabta suka zauna a tabarma. Ina daga bakin ƙofa ina hangen ɗan gilashin wayar: fuskoki baƙaƙe da farare da jajaye a sahu ɗaya, wasu da manyan riguna na sanyi. Limamin Balarabe ne. Ya yi sallama, ya tambayi Malam da Larabci ko ya wakilta shi.

Muryar Malam ta shaƙe tun kwanaki, da ƙyar nake jin sa in ya nemi ruwa. Ran nan ta fita sarai. Ya ambaci sunanta da na angon, ya ce ya wakilta, ya ce ya bayar. Kafin ya rufe baki sai muka ji amin ta taso daga can, bayan teku, mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba suna amsa wa mijina. Na tabarma suka ɗaga hannu tare da su.

Ya ce a matso masa da wayar. Ya daɗe yana kallo.

Bai ga damina ba. Da 'yarmu ta kira ranar sadakar uku, mijinta ne ya fara yi mini gaisuwa, ya kira ni Inna.