Jinin da aka ce alamar girma ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Waɗanda suka san ni sun san ba na yawan magana a wannan dandali. Yau zan faɗi abin da na yi shiru a kansa tun shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin ina malamin gona a aikin noman rani na Kura da Bunkure.

Ina da ɗan fari namiji. Bisa al'ada ba na kiran sunansa, ba ma zama mu yi hira. A ɗakin mahaifiyata, Inna, ya tashi. Da ya fara fitsarin jini, ita ya gaya wa. Ta ba shi jiƙo, ta ce girma ne ya zo. Haka aka ɗauka a ƙauyukanmu. Yaron da ke wanka a kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, in ya ga ja a ƙarshen fitsarinsa, abokansa har tsiya suke yi masa wai ya zama namiji.

Labarin bai iso gare ni ba sai da fuskarsa da ƙafafunsa suka kumbura. A wani babban asibiti a Kano likitoci suka tsaya a kansa suna magana da Turanci. Da Turanci na yi karatu har jami'a, amma nasu daban ne. Abin da na iya tsinta shi ne ƙodojinsa biyu sun gaza. Ya rasu kafin a yanke alkama.

Ba a daɗe da tashi daga zaman makoki ba, na tsuguna a bayan wata gonar tumatir, na ga ɗigon jini.

Na ƙarasa aikin ranar. Da na koma gida na shiga wurin Inna.

"Inna, abin nan ya fito mini."

"Kai kuma? Da gemunka?"

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuskarta.

Mai ɗakina, Hajara, ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙananan 'ya'yanmu biyu, ta ce, "Malam, in ka bi shi, wa zan kama? Ka je asibiti, kuma duk abin da suka faɗa ka tambaye su ma'anarsa."

Na yanki kati, na bi layi. Aka ba ni kwalba, aka ce in kawo fitsarin tsakar rana. Na tambayi dalili. Mai gwajin ya ce lokacin ne ƙwai ya fi fita.

"Ƙwan me?"

"Likita zai gaya maka, Malam."

Likitan ya fara da Turancinsu. Na ce, "Likita, ka yi haƙuri. Na binne ɗa ban san sunan abin da ya kashe shi ba. Yi mini da Hausa."

Ya ajiye biro. Ya ce tsargiya ce, su suna kiranta bilhaziya. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi na cikin ruwa, ta shiga ta fata, ko mutum bai sha ruwan ba. Ƙwanta ke yi wa mafitsara rauni, shi ne jinin. In abin ya daɗe, tabo yana iya toshe hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda, sai ƙodar ta kumbura ta lalace.

"Abin da ya sami ɗana ke nan?"

"Mai yiwuwa ne ƙwarai."

"Ni fa?"

"Sai mun duba."

Ya ce nawa kuronik ne. Na tsayar da shi. Ya ce ma'anarsa ciwon ya daɗe a jiki, ba wai ba ya warkewa ba. Ya ce za a auna yuriya, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. In ta yi yawa, ƙoda ta fara gazawa. Sannan a ɗauki hoton ƙoda.

Shinkafar da muka tanada don ci na sayar na biya.

Aka hana ni abinci, aka ba ni maganin wanke ciki. Suka yi mini allurar wani ruwa da ke haska hanyar fitsari a hoto. Na ji ɗumi ya bi jikina, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe.

Kwanakin jiran sakamako, kowace safiya sai na danna ƙafata da yatsa in ga ko wurin zai lotsa. Haka ƙafar yaron ta yi. Hajara tana gani, tana kau da kai.

Ranar da na koma, likita ya ɗaga hoton a jikin taga. Ya daɗe yana kallo. Na riƙe gefen kujera.

"Ƙodar dama lafiya lau. Ta hagu ta ɗan kumbura, amma tana aiki. Yuriya ba ta hau ba. Ka zo da wuri, Malam."

Na ce alhamdulillahi. Da na fita waje, sai na sami wuri na zauna.

Aka auna nauyina, domin da shi ake ƙayyade maganin. Na sha, na wuni da jiri da murɗar ciki. Bayan 'yan watanni aka sake gwaji, babu ƙwai, kumburin kuma ya ragu. Na koma kanal da takalmin roba mai tsawo.

Na kai ƙananan biyu gwaji. An sami ƙwai a fitsarin ɗaya, alhali ido bai taɓa ganin jini ba. Inna da kanta ta riƙe musu kwalaben a layi.

Ina gode wa Allah. Ina gode wa Hajara, da likitan nan da bai ga tambayata a matsayin raini ba.

Jini a fitsari ciwo ne, ga yaro ko babba, mace ko namiji. A je a gwada. A kula da wankan yara a kanal da kududdufi. Kuma kada ka tashi daga gaban likita sai ka iya maimaita abin da ya faɗa da harshenka, yadda in ka koma gida iyalinka za su gane.

Wanda ya karanta, ina roƙon ya sa ɗana a addu'a. Da yana raye, da yanzu shi ma ya yi furfura.