Barmo da Tanon da Ya Bushe

Abdulgani mai kwalba, kai ka kashe motar Sidi a dajin Gangara, kai ka kwantar da ƙanwata Dado, kuma kai ne yau zaune a rumfar mutumin da aka ɗora wa laifinka. Na faɗa a tasha, aka ce tsohuwa ta cika baki. To ga shi na sa an rubuta, tunda ni Balki mai fura ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, don maganar ta je inda muryata ba ta kai.

Amma ba don kai na zauna ba. Don Barmo ne, makaniken tashar Balbeji, wanda ba a taɓa ambaton sunansa ba sai in mota ta mutu.

Da an fito sallar asuba Barmo ke isa rumfarsa. Ba ya fara taɓa ƙarfe. Tabarma yake shimfiɗawa, ya ɗora shayinsa, ya zauna yana sauraron motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san motocinmu. Tsofaffin katkat ne, motocin ratsa daji, da yashi ya cinye, allurorin gaban direba duk sun mutu tun tuni, babu mai nuna zafi, babu mai nuna mai. Da kunne ake tuƙi a Damargu. Mu ma 'yan kasuwa da kunne muke zaɓen motar shiga: wadda injinta ke ƙwanƙwasa, sai mu sauke kayanmu mu jira wata. Barmo kuwa yana daga zaune, bai ko juya ba, zai ce, "Wannan ta Haris ce, tana neman juye." Juye shi ne a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. In an kawo motar, sai ya zaro ƙarfen awon mai, ya shafa a yatsa, ya murza a hankali yana kallon ƙasa. In ya ji yashi a ciki, ko za ka yi rantsuwa da kabarin kakanka ba zai bar ka ka hau hanya ba.

A bayan rumfar akwai rabin tano, wato gangar ƙarfe, nan yake tara man da ya juye. Bai taɓa sayar da shi ba. Mu mata muna zuwa da gwangwani mu ɗiba mu shafe dirkokin rumbu, don gara ba ta kusantar wurin da ya taɓa. Makiyaya kuma suna zuwa don raƙuman da ƙazwa ta kama. Akwai wani Buzu mai suna Aghali, daga wajen Tenhya yake saukowa duk kasuwa da tsohon bidonsa, wato jarka, ya gaishe da Barmo, ya cika shi da man, ya ajiye masa cuku a gefen tabarma ya wuce. Shekara da shekaru tanon nan bai taɓa nuna gindinsa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bara bayan girbi Abdulgani ya sauka da akwatinsa da lasifika. Ƙananan kwalabe ne masu ƙyalli, an zana doki a jiki. Ja na zubawa a gazuwal, man da mota ke sha, wai ya ninka tafiya. Ruwan ɗorawa na zubawa a baƙin mai, wai tsohon inji ya koma saurayi. Ina gefe ina dama fura na ga yadda ya yi. Ya zaɓi motar da ta fi kowace ƙara, wato ta Sidi shugaban tasha, wadda Haris ke tuƙawa. Ya buɗe kwalba ya tsiyaya a baƙin mai, abin na zuba kamar zuma. Ba a jima ba ƙwanƙwasar ta lafa, inji ya koma yana gurnani a hankali. Direbobi suka riƙe baki.

"Baba Barmo," in ji Abdulgani yana dariya, "kunnen naka ya ji ko a ƙara?"

Barmo ya taso ya karɓi kwalbar, ya juya ta gaba da baya, ya shinshina.

"Me ke ciki?"

"Sirrin kamfani ne. Daga waje take."

"Ni ma daga waje nake, tunda a Tarka aka haife ni. Me ke ciki?"

Aka kwashe da dariya. Abdulgani ya ce ai ga shi kowa ya ji da kunnensa, mota ta warke, kuma wanda ya riƙa zuba wannan ya huta da juye sai in ya ga dama.

Barmo ya mayar masa da kwalbar. "Yaro, ban ce ƙarya kake ba, don ban san abin da ke ciki ba. Amma ta yi shiru ne, ba warkewa ta yi ba. Yashin da ke cikin man nan, ta ina ya fita?"

"Tsoho yana tsoron kasuwarsa," in ji wani daga baya. Shi ke nan maganar da aka ɗauka aka tafi da ita.

Daga nan fa tasha ta yi tsit kamar gidan makoki. Kowace mota tana tashi lafiya lau. Barmo zai zauna da shayinsa ya karkata kai, ya saurara, ya saurara, har shayin ya huce. Wata safiya ya ce mini, "Yaya Balki, an toshe mini kunne. Duk murya ɗaya suke yi yanzu, mai lafiya da marar lafiya."

Tano kuwa ya fara ja da baya. Na je ɗiban na rumbu, sai da na kwanta a bakinsa kafin gwangwani ya taɓa. Ana shiga bazara ya bushe ƙarƙaf, har kaji na shiga ciki. Aghali ya zo da bidonsa ya leƙa, ya dubi Barmo.

"Amini, motocinku sun daina fitsari ne?"

"Sun daina, Aghali. Riƙewa suke yi."

"Abin da ya riƙe fitsari a wurinmu, yanka shi ake yi kafin ya mutu."

Ya koma da bidonsa fayau. Haka ya yi ta zuwa yana komawa, kuma mutane na kallo.

Ran kasuwar Gangara, a tsakiyar zafin nan da tsuntsu ke faɗowa daga itace, ni da Dado muka fito da kayanmu. Muka bi motoci muna saurare kamar yadda muka saba tun muna da ƙarfinmu. Ta Haris ta fi kowace laushin murya, muka hau. Kafin a tashi Haris ya kai ta gaban rumfa a ɗaure masa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, wanda ya yi sako-sako. Barmo ya ɗaure. Da ya fito daga ƙarƙashi ya miƙa hannu zai buɗe gaban motar.

"Bari in taɓa man."

"Haba Baba, rana na yi. Ba ka ji yadda take numfashi ba? Kamar amarya."

"Yaushe rabonka da juye?"

"In na dawo."

Ya ja mota. Ina saman kaya ina kallon Barmo tsaye da tsumma a hannu har muka sha kwana.

Ba ta yi gargaɗi ba. Wannan ne abin da har yau ke ci mini rai. A da, in mota za ta mutu sai ta yi ta kuka, direba ya tsaya inda akwai rijiya ko inuwa. Wannan kuwa muna tsakiyar fili, ba gari gaba ba gari baya, sai wani ƙara guda kamar an sari ƙarfe da gatari, hayaƙi ya turnuƙe, shi ke nan. Ruwan da ke motar rabinsa Haris ya zuba wa inji wai ko zai huce. Muka shiga ƙarƙashin mota da yara da tsofaffi. Dado mai hawan jini ce. Rana na karkatawa harshenta ya fara nauyi, tana kirana da sunan uwarmu.

Wa ya zo? Ba mai kwalba ba. Ba Sidi mai mota ba. Da aka samu waya ta shiga, Barmo ne ya ari moto, wato babur, ya ɗaura bidon ruwa hagu da dama, tsoho da ciwon gwiwa, ya keto yashin nan. Bai ko kalli injin ba sai da kowa ya sha. Ya cire rawaninsa ya jiƙa ya lulluɓe kan Dado, ya ɗora ta a bayansa, ya ɗaure ta da jikinsa da zanena don kada ta faɗi, ya kai ta likita. Ta rayu. Amma hannun da take tuƙa tuwo da shi bai sake ɗaguwa ba.

Sai ga sakayya. A tasharmu akwai wata ɗabi'a: in mota ta lalace a hanya, hannun da ya taɓa ta na ƙarshe shi ake kamawa. Abdulgani ya san haka. Kafin a jawo motar ya riga ya zagaye rumfuna yana cewa ai an ga tsoho a ƙarƙashinta da safe, wa ya san abin da ya kwance ya manta. Aka tambayi Haris, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai Baba ya taɓa ta. Sidi ya yanke cewa Barmo ya tsufa, ya tashi daga rumfa. Ba a cika mako ba sai ga kwalabe jere a inda tabarmarsa take.

Ban ga abin da ya shiga tsakanin Sidi da Abdulgani ba, ba zan ce na gani ba. Amma ina tambaya. Wa ya ba da motarsa aka fara gwadawa a gaban jama'a? Wa ya hana a buɗe injin a tasha, ya ce a kai bayan gari? Yaro kamar Haris zai daina juye wata da watanni ba da sanin maigidansa ba? Kuma me ya sa rumfar da direbobi da yawa suka nema, sai baƙo aka ba?

Barmo bai yi gardama ba. Ya kwashe ƙarafunansa ya koma gindin aduwar da ke bayan masallaci, ya mirgina tanonsa ya kafa. Na same shi na ce ya tashi mu je gaban Maigari. Ya ce, "Yaya Balki, Haris yaro ne, yana da iyali. In na yi magana shi za a kora." Na ce to ni ba ni da wannan haƙurin.

Kai ne, Barmo, da ka fi shekara talatin kana kwanciya a ƙasa mai zafi don wasu su isa gida. Kai ne ba ka taɓa cewa mota ta warke ba alhali ba ta warke ba. Kunnen tasha, mai jin ciwon ƙarfe. Rumbunan garin nan da gara ba ta ci ba, raƙuman da suka yi sabon gashi, duk daga bayan rumfarka suka samu, ba ka taɓa ƙirgawa ba. Aka kira ka matsoracin kasuwa, ka ɗauko ruwa ka kai wa waɗanda suka yi maka dariya. Na gode, Dado ta gode, da hannun da ya rage take ɗaga maka. Allah ya saka maka, ya bar mana kai.

Direbobin da ke lallaɓawa gindin aduwa yanzu ta bayan gida, don kada Sidi ya gan su, suna tambayarsa ko duk kwalaben nan banza ne. Amsarsa ba ta canja ba. Ya ce akwai wanda ake yi don wanke dattin gazuwal, wataƙila yana da ranarsa, in ka san wanda ya yi shi da abin da ya zuba. Amma kwalbar da mai ita ba zai iya gaya maka abin da ke ciki ba, kada ta shiga injinka. Kuma duk wadda aka ce ta ɗauke maka juye, to hanyar daji take nuna maka. "Sayi mai mai kyau, ka juye a kan lokaci, ka kakkaɓe matatar iska. In ta yi kuka ka kawo ta. Kada ka rufe mata baki." Masu koyon sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan. Ku koyi cewa ban sani ba, ku koyi hana mutum tafiya ko da zai zage ku.

Yanzu na dawo kanka, Abdulgani, da kai Sidi. Kun ce Barmo ya taɓa motar. Ya taɓa tayar baya, ina zaune a sama ina gani. Baƙin man kuwa bai taɓa shi ba tun ranar da kwalbarka ta shiga, kuma ba sai an yarda da bakina ba. A kira Aghali ya faɗi sau nawa ya koma da bido ba komai. A kira duk macen da ta je da gwangwani ta dawo haka nan. In da ana juye a tashar nan, ina man ya tafi?

Kuma kaskon da ke ƙarƙashin injin, inda baƙin mai ke taruwa, wanda kuka sa aka cire a bayan gari aka yar a kwazazzabo, ni na bi sawu na ɗauko. Yana ɗakina, na rufe shi da faifai. Abin da ke ciki ba ya zuba ko an kifa shi, ya daskare kamar ƙaro, yashi na ƙas-ƙas a ciki. Ran Juma'a bayan an sauko zan ɗora shi a kai in kai ƙofar Maigari, in zaunar da Dado a gefensa. Ku zo ku biyu. Abdulgani, ka sa yatsanka a ciki a gaban mutane, ka murza kamar yadda Barmo ke yi, ka gaya mana me ke cikin kwalbarka. Kai kuma Sidi, ka gaya mana da wane laifi ka tashi tsohon nan daga rumfarsa, da kuma ranar da za ka mayar masa.