Faifan Ranar Suna

Mijina bai taɓa mayar da faifai cikin kwalinsa ba. Idan ya gama kallon fim sai ya ciro shi, ya laluba kwalin da ya fi kusa da hannunsa, ya cusa. Ka ɗauko kwali mai hoton 'yan Indiya suna rawa a kan dutse, ka saka, sai ka ga 'yan China suna tashi sama da takubba. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Shi kuwa dariya kawai yake yi, wai ai haka ya fi daɗi, mutum bai san da wa zai haɗu ba.

A Kasuwar Jalingo yake sayo su, wajen masu baza su a kan tebur. Wasu da hoto a fuska, wasu kuma farare fat, waɗanda yake bayarwa a tura masa a shago, ko alƙalami ba ya ɗorawa a kansu. Bafulatani ne haifaffen garin nan, ni kuma daga Zariya aure ya kawo ni unguwar Barade, na zo da Hausata ina ji da ita. Wannan ne faɗanmu na biyu. Sai ya shigo ya ce, "Ƙanwarki ya kira." In ce, "Ta kira. Mace ce." Ya ce, "To, shi ɗin, ta kira." Shekara da shekaru ina gyara, ko gezau.

Da ya rasu 'yarmu ba ta shiga firamare ba. Na tattara faya-fayan na zuba a katan, na tura ƙarƙashin gado, ban ƙara waiwayarsu ba. Sai wata Asabar, ta riga ta girma har tana iya ɗora tukunya, ina yi mata kitso a tsakar gida, ta ce, "Umma, muryar Baba babba ce ko ƙarama?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji wayam. Ina tuna tafiyarsa, ina tuna yadda yake karkata hula, amma muryar ta ƙi zuwa kunnena. Na tsorata ƙwarai. Wayar da ke da saƙonninsa na murya ta daɗe da lalacewa. Abu ɗaya ya rage, faifan da mai kyamara ya yi mana ranar sunan yarinyar. Fari ne shi ma, kuma na san mai shi, yana can cikin kwalin wani fim.

Ban ƙarasa kitson da kyau ba. Na jawo katan ɗin, na jawo tsohuwar kwamfutarsa, irin mai kaurin nan da ke da wurin saka faifai a gefe. Dibidinmu ta mutu tun tuni, kwamfutocin ofis kuwa na yanzu ko ramin babu. Ita wannan batirinta ya gama aiki, sai da wuta take tashi, ana ɗaukewa ta mutu a tsakiyar magana. Wurin faifan ma ba ya fitowa sai an soka allura a wani ɗan rami.

Da farko na ce bari in yi abin a tsanake: duk faifan da na saka in tura shi cikin kwamfutar, in buɗe masa wuri da sunansa na gaskiya, ko ba komai yarinyar ta ga abin da ubanta yake so. Sai in dawo daga aiki, ko mayafi ban cire ba, in zauna a ƙasa. Faifai ya shiga, ya yi ta gurnani, fankar ciki tana huci kamar ta yi gudu, layin nan kore yana jan ciki. Ni kuma in tashi, in leƙa kicin, in dawo, in sake tashi. Sau nawa layin yana gab da kaiwa ƙarshe aka ɗauke wuta! Na yi zagin da ban san na iya ba.

Da ta fara ƙin karanta faya-fayai, na kai ta wajen mai gyara. Ya ce idon da ke karantawa ne ya tsufa, kuma irinsa ya yi wuya yanzu, in lallaɓa ta. Daga ranar na daina tura fina-finai. Farare kawai nake sakawa, in ga fuskar farko in cire. Duk wanda na saka ina ji a raina kamar na rage wa idon kwana. Aka kai ga ba na cin abinci a zaune. A ofis a yi mini magana in amsa da wata daban. Na bi katan ɗin har ƙasa, na zazzage kowane kwali, har leda na girgiza. Babu faifan suna.

Maƙwabciyata ce ta same ni a cikin wannan tarkace. 'Yar ƙabilar Mumuye ce, mai sayar da doya, ita ta riƙe mini gida lokacin zaman makoki, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ni ina ɗaki ban san inda kaina yake ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Madam, mene kana nema haka?" Na gaya mata. Sai ta tafa hannu.

"Wanda yana kan talabijin? Fari ɗin? Ai na Kachalla Sembe ya ɗauka. Ranar uku. Ya yi kuka, ya sa a jaka, ya tafi."

Na Kachalla Sembe! Nan take na ga fuskar ƙanin mijina. A unguwar Kachalla Sembe yake zaune, a gidansu na gado, tare da mahaifiyarsu. Tun yayansa na da rai shi ne mai aron fim ba ya mayarwa. Wato har a ranar sadakar uku bai bar halinsa ba. Ban tsaya tambayar komai ba. Na cusa kwamfutar da wayar cajinta a jaka, na kama hannun 'yata, muka tare Keke. Duk hanya ina shirya maganganun da zan gaya masa, ina gogewa ina sake shiryawa.

A ƙofar gida muka same shi yana wanke babur. Adda yake kirana, wato yaya da Fulatanci, kuma akwai wasa tsakaninmu, don haka da fara'a ya tarbe ni, "A'a, Adda, yau da rana tsaka?" Ban ko amsa gaisuwar ba. Na ce ya fito mini da faifan sunan 'yar yayansa. Ya saki soso, ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Na ce an gan shi, an ce na Kachalla Sembe ya ɗauka, ya yi kuka, ya sa a jaka.

Ya dube ni, ya ce, "Jaka? Adda, yaushe kika taɓa ganina da jaka? Wa ya faɗa miki?" Na ce maƙwabciyata. Sai ya kama baki yana ƙoƙarin danne dariya. "Shekara nawa kina garin nan? In ta ce ya ɗauka, ai sai ki tambaya, shi wane, namiji ko mace."

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa mutane wannan kalma, ita ce ta kayar da ni. Na juya na dubi ƙofar ɗakin Dada, surukata.

Muka shiga, na durƙusa na gaishe ta. Ta tsufa sosai, idonta ma ya fara hazo. Ta jawo jikarta ta zaunar kusa da ita. Na rasa ta inda zan fara, sai ɗan nata ya yi mata bayani da Fulatanci. Ba ta musa ba. Ta miƙa hannu ta buɗe wata kwalla a gefen gado, ta ciro abu naɗe cikin ɗankwali. Ta ce bayan sunan ta ga an saka shi a talabijin ɗanta ya fito, ta san yana ciki. Ba ta da abin kallo, ba ta kuma taɓa neman a saka mata ba, tana jin kunyar a ce tana neman ɗan fari. Amma kullum takan ciro shi ta goge masa fuska da bakin zane, kada ƙura ta hau.

Na karɓa da hannu biyu, na juya faifan. Gefen mai ƙyalli, inda komai yake, shi take gogewa. Ya yi dishi-dishi, karce a kan karce, kamar gindin tsohuwar tasa. Raina ya ɓaci, na kuma rasa wanda zan yi wa fushin. 

Allah ya sa akwai wuta. Na jona kwamfutar a ɗakin, na ciro allura daga bakin mayafina na soka. Faifan ya shiga. Ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake ɗauka. Na kasa zama, na miƙe, na koma na tsuguna. Ba na son in kunna shi kai tsaye idon ya ƙare a banza, sai na sa ta tura shi ciki tukuna. Layin ya ɗan motsa, ya ɗan ƙara, daga nan ya cije. Kwamfutar ta yi wani ƙara, ta tofo faifan da kanta, abin da ta shekara ba ta yi ba. Na sake sakawa, ko juyawa bai yi ba.

Ɗan guntu ne ya shiga. Na danna shi.

Hoton yana yayyagewa, fuskoki suna rabewa gida-gida. Ga rumfa, ga mata da kwanuka, ga ni a zaune da kumburarriyar fuska ina riƙe da jaririya. Shi ba a ma ganinsa sosai, kafaɗarsa ce kawai da gefen hula. Sai muryar ta fito, ba babba ba, ba ƙarama ba, da 'yar shaƙewa a ciki wadda na manta da ita sam.

"Kawo shi nan. Kawo shi in riƙe, ya gaji da hannun mata. Kai, ku duba, ya yi kama da ni!"

Sai kuma tawa muryar, siririya, daga gefe: "Ta yi kama. Mace ce." Ya yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya, hoton ya daskare.

Dada ta rufe fuska da mayafi. Ƙanin mijina ya fita waje. 'Yata ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce, "Umma, ni yake ce wa shi?"

Na ce, "Ke yake ce wa."

Na naɗe faifan cikin ɗankwalinsa na mayar wa Dada, ta saka a kwalla ta rufe. Yarinyar ta ce in sake kunnawa. Na sake. Da aka zo wurin da nake gyara masa magana, sai na ji ina ma na yi shiru ranar, na bar shi ya ƙara faɗin wani abu.